Birkin da Ke Ƙarƙashin Buhu

Bahago ba ya walda da wuta. A ɗan shagonsa akwai wani tsohon inji mai juya ƙarfe. Sai ya ɗaura sandar ƙarfe ɗaya a bakin injin tana juyawa, ya danno ɗayar a kanta, su yi ta gugar juna har mahaɗar ta yi ja kamar garwashi. Daga nan injin ya tsaya cak, ƙarfe biyu sun zama ɗaya. Shekara sha tara da wannan aka san shi.

Mijin ƙanwarsa, wanda ya laƙaba wa kansa Injiniya, ya yi wata takwas a shagon yana kallo. Rannan aka wayi gari ya buɗe nasa a tsallaken titi, da sabon inji fil, da allo an rubuta: WANDA YA ƘIRƘIRO WALDA BA WUTA. Bai tsaya nan ba, har ya riƙa gaya wa mutane wai a wurinsa Bahago ya koya, kuma yanzu hannun tsohon rawa yake yi.

 Kullum Bahago ya ɗaga kai allon nan ne a idonsa, abin yana cin sa kamar tsatsa.

Abin da Injiniya bai sani ba, a ƙarƙashin tsohon injin akwai birki na ƙafa, wani buhu ya rufe shi. Shi Injiniya hannu yake kallo, ya ɗauka tsufa ne ke sa injin tsayawa farat ɗaya. Nasa sabon kuwa, in an kashe sai ya ƙara zagaye huɗu ko biyar. Wannan ɗan zagayen ke yaga mahaɗar tun tana da taushi: waje sumul, ciki ruɓaɓɓe. Ƙananan ayyuka suna ɓoye aibin. Bahago ya yi ta jiran babban aiki.

Wata safiya wata mai injin niƙa ta shigo, an ɗauko mata sandar injinta mai kaurin damtse, ta karye biyu.

"Baba, ka taimake ni, mata sun yi layi a ƙofata."

"Ni ɗan koyo?" in ji Bahago. "Uwar ɗakina, ga mai abin can. Mu je in raka ki, ni ma in ƙaru."

Ya bi ta yana kiran maƙwabta. Mai faci ya taso, kafinta ya ajiye zarto, har mai gyaran rediyo ya leƙo. Injiniya ya ga taro, ya gyara tsayuwa.

"Yaya, matso kusa. Ilimi ba ya tsufa."

"Ai shi ya kawo ni, ranka ya daɗe."

Inji ya yi gurnani, ƙarfe ya yi ja, Injiniya ya kashe. Bahago ya ƙirga a ransa: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa.

Da sandar ta huce, ya ari guduma wurin kafinta. "In ɗan gaisa da ita?"

Bugu ɗaya, da hagu. Sandar ta rabu, rabi ya gangara har bakin kwata.

"Ashe ƙirƙirar da yawu aka liƙa ta!" in ji mai faci. Dariya ta ɓarke.

Bahago ya kwashi guntayen ya tsallaka, taron na biye. Ya gyara bakunansu, ya ɗaura, ya danna. Da jan ya kai yadda yake so, ƙafarsa ta shige ƙarƙashin buhu. Cak. Bayan ta huce ya miƙa wa Injiniya gudumar. Sau bakwai Injiniya ya buga, gumi na zuba, sai ƙara kawai sandar ke yi.

Da mutane suka watse, Injiniya ya dawo, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, don darajar ƙanwarka, me na manta?"

"Je ka sauko da allon can tukuna."

Ya je ya ciro shi da hannunsa, ya kawo. Bahago ya juya rubutun ya fuskanci bango, ya jingina allon a gindin injin, ya ƙara kare buhun da shi.

"Madalla, daidai wurin. Me ka ce ka manta?"

"Abin da ke sa ta kamawa."

"Au, wannan?" Bahago ya ɗauki tsumma yana goge hannu. "Ka tambayi wanda ya ƙirƙiro."