Sunayen da Uksem Ya Kira

Uksem har ya manta rabon da wani jami'in gwamnati ya tako garin In Amgel kan maganar dutsen nan. Kwatsam sai ga su da motoci da likita guda, aka kafa rumfa. Wai duk wanda aka tabbatar ciwonsa daga gwajin bam ɗin Faransawa ne, za a kai shi babban asibiti a arewa, gwamnati ta ɗauki nauyinsa.

Uksem yana yaro bam ɗin ya tsaga dutsen, baƙin hayaƙi ya bi ta kan rijiyoyinsu da raƙumansu. Yau ga shi da furfura, 'yarsa Dassin kaɗai ta rage masa, ita ma wuyanta ya kumbura har ruwa sai da dabara yake wucewa. Don ita ya bi layi tun safe.

Jami'in, wani ɗan birni da ko shayin da aka ba shi bai kurɓa ba, ya ce ciwon mutum ɗaya ba hujja ba ne, sai an nuna ya bi gidan. Su wa suka mutu? Ya kawo sunaye.

Tafinta ɗan gari ne, sai da ya sunkuyar da kai kafin ya fassara. A al'adarsu, wa ke kiran sunan mamaci? Ko mahaukaci ba ya yi. Uksem ya ce mahaifinsa, da uwar 'ya'yansa, da babban ɗansa. Jami'in ya ce "mahaifina" ba suna ba ne, ai kowa ma yana da uba. Tafinta ya fara bayani, aka ce masa jama'a na jira.

Ran Uksem ya ɓaci. Ga surukansa zaune a bayansa, suna jin komai. Ya ja amawali har ƙasan ido, ya tuna yadda Dassin ke haɗiyar miyau tana hawaye. Sai ya kira su. Ya kira ubansa da sunansa kamar wani yaron gida, ya kira matarsa, ya kira ɗansa. Wan matarsa ya miƙe ya karkaɗe riga ya fice, wasu dattawa suka bi shi.

Jami'in ya gyara zama, ya tambayi asibitin da suka rasu. Asibiti kuma? A tanti suka cika, aka rufe su kafin rana ta faɗi.

"To baba, sai haƙuri. Tunda ba likitan da ya gan su, ba mu da ikon cewa dutsen ne. Wataƙila tsufa ne."

"Ɗan nawa ko aure bai yi ba. In haka ne, don me ka sa na kira su?"

"Ƙa'ida ce."

Wai za su dawo baɗi da na'ura. Baɗi fa! Kunya da takaici suka hana Uksem ko yi musu sallama.

Ya tarar da Dassin kwance kan tabarma. Cikin shaƙaƙƙiyar murya ta tambaye shi yaushe ne tafiyar. Ya zauna kusa da kanta ya ce Dassin. Ta amsa. Ya sake cewa Dassin, ta amsa, ya kuma.

"Baba, lafiya? Ga ni fa."

"Ƙyale ni in kira, tun ina da ikon kira."