Mata Huɗu, Hanci Ɗaya

Ita kaɗai ce injiniya mace a kamfanin, shi ya sa duk shekara ake janyo ta daga aikin gada a tsayar da ita gaban kyamara. Bana Manaja ya wuce gona da iri. Aka ɗauke ta da farar hular kwano, aka sake da shuɗiya, aka sake da ja, sannan aka ƙwama mata tabarau. Da mujallar kamfani ta fito, sai ga mata huɗu sun cika shafi, duk hancinsu iri ɗaya.

Ana nan, sai ga mai ba su kwangila ya zo yana yaba hoton.

"Ranka ya daɗe, ka dawo wata mai zuwa ka gaisa da mu duka," in ji ta.

Baƙon na fita Manaja ya dafe kai. "Injiniya, kin kashe ni! Ina zan samo sauran?"

"Cikin mata masu neman aiki da kake kora daga bakin ƙofa." Ta ɗauki hularta. "Ka fara da mai tabarau, yallaɓai. Na gaji da yi mata aikinta."