Mai Tsaya wa Ɗalha

Tambari ya sha gaban motar hayar, ya dafa ta da hannu biyu.

"Kashe ta," ya ce wa direba. "Babu inda za shi."

A kujerar baya maƙwabcinsa Ɗalha ne kwance, ciki ya kumbura kamar tulu, idanu sun yi ɗorawa. Matarsa Mubaraka ta tallafe kansa a cinyarta.

"Baban Abu, don girman Allah," ta ce wa Tambari. "Kalgo kawai za mu. Tsohuwarsa yake son gani. Ka san ƙafafunta sun mutu, ba ta iya zuwa."

"Kalgo kawai? Ke kika ajiye takardun gidanki a kotu, ko ni?"

To, gaskiya shi ya ajiye. Bara ne Ɗalha ya yi rigima da wani mutumin Kalgo kan iyakar gona, ya sare shi da fartanya a kafaɗa. Kotu ta ba da beli bisa sharaɗi: kada ya bar Gwandu, kada ya kusanci shaidu. Tambari ne ya tsaya masa, aka yi ta shi masa albarka a ƙofar masallaci, shi kuwa kai ya yi ta kumbura. Gidan gadonsa ya jingina, wanda 'ya'yansa ke kwana a ciki. Ɗalha na saɓa sharaɗi, gidan ya shiga uku.

Kuma ba wai ba a bi hanya ba. Lauya ya roƙi kotu ta sassauta sharaɗin, Tambari yana zaune a benci yana ji da kunnensa. Alƙali ya tambaya me ya sauya tun bayan ba da belin. Lauya ya ce ciwon hanta. Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce ai Gwandu ma akwai asibiti, ganin uwa ba magani ba ne, shaidun kuma unguwarsu ɗaya da tsohuwar, ba su ma ba da shaida ba tukuna. Alƙali ya ce a kawo rahoton likitan gwamnati, a ba ɗaya ɓangaren dama ya amsa. Ya ɗage zama sai wata mai kamawa. Wata mai kamawa, ga mutumin da ko kunu ba ya zama a cikinsa.

Ɗalha ya ɗago kai da ƙyar.

"Tambari, tare muka tashi fa. In gan ta, gobe in dawo."

"In ka mutu a can fa? Ni in ce wa alƙali me?"

Shi kansa ya ji munin maganar, amma bai janye ta ba. Bai matsa daga gaban motar ba sai da aka cicciɓi Ɗalha aka mai da shi ɗaki.

Ranar Laraba da hantsi Ɗalha ya cika. Tambari ya yi kuka, kukan gaske, yana kuka yana lissafi. Wa zai gamsar da kotu cewa mutumin nan mutuwa ya yi, ba Nijar ya tsallaka ba? Maganar baki ai ba ta sauke mai tsayawa.

An gama wanka, an sa likkafani, sai Tambari ya kutsa zaure.

"Malam, a ɗan dakata."

Ya tsuguna, ya kwance ƙullin kai, ya fito da wayarsa.

"Malam Tambari, mene ne haka?" in ji liman.

"Shaida ce."

Hoton farko bai fito ba, zauren da duhu. Ya kama haɓar Ɗalha ya juya fuskar wajen haske, ya sake ɗauka. Mubaraka tana bayan labule, ta gani.

Sai bayan la'asar aka iso da Inna Hajjo, mahaifiyar Ɗalha, daga Kalgo, maza biyu suka ɗauko ta daga mota kamar buhun gero. An riga an binne shi tun azahar. Aka ajiye ta a tabarma.

"Ba ku jira ni ba," ta ce. Shi ke nan abin da ta ce.

"Inna," Mubaraka ta ce, muryarta tar a gaban jama'a, "Baban Abu yana da hotonsa. Ya ɗauka saboda kotu."

Kunya ta rufe Tambari, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya durƙusa ya miƙa wayar. Tsohuwar ta kawo ta daf da idanunta, ta daɗe tana kallo.

"Haka ya rame?"

Ta kai babban yatsanta tana shafa goshin ɗanta.

"Inna, a hankali," in ji Tambari. "Kada ki goge."

Ta ɗauke yatsan. Ta riƙe wayar da hannu biyu a cinyarta, ba ta sake taɓawa ba. Can hasken ya dushe, gilashin ya yi baƙi, ita kuwa tana nan tana kallo.