Tagar Da Na Huda A Rufi

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni.

Na gan ni a ɗakin sama, wurin nan da ke tsakanin silin da kwano, inda a da muke jibge tsofaffin katifu kafin in sa a gyara shi ya zama ɗakin kwana. A mafarkin har an huda kwanon, an kafa tagar gilashi tana kallon sama, yadda na daɗe ina buri. Matata Kubura ta ce ita tun da take, a bango ta san taga. Na ce ai shi ya sa ba ma ci gaba. Ni dai in na kafe, na kafe.

To, rana ta zo ta tsaya cak a kan gilashin, ta ƙi wucewa. Zafi kamar gidan burodi. Muka rataya labule, ya faɗo. Muka sake, ya sake faɗowa. Can aka fara ruwa. A garin nan daga ƙasa ruwa yake tashi: ya tsattsafo daga daɓe, ya bi ƙafafunmu, ya taru a jikin gilashin, ya zurare waje ta gefen da aka liƙe da kwalta. Kubura ta kifa roba a rufi tana tara.

"Baban Mami," in ji ta, "yau yarinyar nan ba ta da nauyi."

Mami 'yarmu ce, ko yaye ta ba a yi ba. Sunan marigayiya mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa muke ce mata Mami. Na ɗaga ta, wallahi kamar na ɗaga fankon ashana. Na kwantar da ita, amma bayanta bai taɓa katifa ba. Tana ta wasa da yatsun ƙafarta, tana ƙara yin sama.

Sai ga ni a ofishin kula da gine-gine. Wani bunsuru ne a kujerar, da tabarau, yana cin ƙusoshi a faranti kamar gyaɗa.

"Ranka ya daɗe, 'yata ce take tashi sama."

"Da za ka huda rufin, ka yi shela?"

"Wace shela kuma?"

"Haba malam. Ko mai gyaran indararo in zai hau soro, sai ya ɗaga murya ya ce za a hau sama, don matan maƙwabta su kintsa. Kai ka buɗe taga a tsakar gidan mutane, ba ko sallama."

"Waɗanne mutane? Sama ce fa!"

"Ka leƙa su, sun leƙo ka." Ya tofar da kan ƙusa. "Na gaba!"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na buɗe baki zan gaya masa magana, sai na ga ina cikin ɗakin.

Ranar ta tafi, amma duhu bai zo ba. Fuskoki ne suka rufe gilashin, sun kifu suna kallonmu yadda ake leƙa rijiya. Duk na san su, mutanen unguwarmu ne waɗanda muka raka makwanci. Ba fushi a fuskarsu, kallo kawai. A tsakiyarsu ga Inna, mahaifiyata, da koren mayafinta.

"Ka rame," ta ce. "Miƙo min takwarata in gan ta."

"Inna, barci za ta yi."

"Ai nan ya fi sanyi."

Mami ta riga ta kai gilashin. Ya yi laushi, kanta ya shige kamar cokali a cikin kunu. Kubura ta taka gado ta cafke ƙafarta ɗaya, tana ja, tana kuka.

"Kira ta!" ta daka min tsawa. "Can ba su san Mami ba. Kira ta da sunanta na yanka, za ta dawo!"

Ni kuwa tun da aka haife ni sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ko ranar suna, ƙanena na tura ya raɗa wa liman. Yanzu ga Inna ta zuba min ido, ta yaya zan ambaci sunanta a gabanta? Tsoro ya kama ni, kunya ta fi shi ƙarfi. Na buɗe baki, na haɗa harafin farko, harshena ya maƙale a dasashi.

"Don Allah, Baban Mami! Suna ne kawai!"

Inna ta yi murmushi, ta juya ga matar da ke gefenta.

"Ba na gaya miki ba? Ɗana mai kunya ne. Ba zai faɗa ba."

Ta sa hannu biyu a hammatar yarinyar ta ɗauke ta a hankali, irin ɗaukar wanda ya iya reno. Safa guda ce ta rage a hannun Kubura.

Ƙarar ƙarfe ce ta tashe ni, ƙiii, ƙiii, daidai saman kaina. Gari ya waye. Kubura na tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi, Mami a bayanta tana barci.

"Mene ne wannan?" na ce.

"Kafintanka ne, Ɗan'azumi. Tun ɗazu ya hau. Ya ce kai ka ce ya fara yanka kwanon da sassafe kafin rana ta yi."

Na diro daga gado ina ihu ya dakata.

"Ka makara," in ji Kubura. "Ya ci rabi."