Tsuntsun da Ya Sauka Kan Rufin Marianti

Duk shekara, da an gama bikin Ista ciyawa ta yi kore shar, sai masu kallon tsuntsaye su cika mana ƙauye. Ɗakuna biyu nake ba su a saman gidana, don haka a wannan gefen na tsibirin Lesbos babu wanda ya fi ni sanin halinsu. Mutanen kirki ne, amma da ɗan saura a kansu. Mutum ya baro ƙasarsa, ya zo ya tsaya cikin taɓon fadamar gishiri tun asuba, yana leƙen abin da ba zai ci ba. Kuma ba sa ganin ɗan Adam. In dai ba fuka-fukai gare ka ba, ko da ka kake tafiya ba za su waiwaya ba.

Gidan da ke kallon nawa na Marianti ne. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana nan cikin baƙaƙen kaya, ita ke jera furanni a coci, kowa na gaishe ta da ladabi. A garinmu abin da gwauruwa ta mallaka ke nan, sunanta. Ranar da ya zube, mata za su daina amsa gaisuwarta a gidan burodi, a karɓe furannin a ba wata. Kuma akwai mai gadin sunan, Lefteris, wan marigayin, mutum mai gashin baki kamar tsintsiya da murya kamar jirgin ruwa zai tashi.

Abin da Lefteris bai sani ba, ni na sani. Ignatis masunci, tuzurun da ya tsufa bai taɓa kallon mace ido da ido ba, yana kawo wa Marianti kifi da sassafe. Ya shiga, ya sha gahawa, ya sulale kafin a buɗe gidan burodi. Gahawa kawai, na tabbata, don Ignatis ko akuya ce ta kalle shi sai ya sunkuyar da kai. Ban gaya wa kowa ba, kuma tun da aka haife ni ban taɓa yin aiki mai wuya kamar wannan shirun ba.

To, ranar da abin ya faru, ya shiga ke nan sai baƙuwata Madam Femke, doguwar 'yar Holan da ke jagorantar sauran, ta fito baranda tana miƙa. Sai ta daskare. Wani ɗan tsuntsu ne ya sauka kan rufin Marianti, bai kai ƙwai biyu ba, toka-toka da ɗan ja a ƙirji. Iska ce wai ta ɓatar da shi daga gabas, ba a saba ganinsa a tsibirinmu ba. Ta danna waya. Kafin ruwan gahawata ya tafasa, motoci sun cika hanya. Suka kakkafa madubansu na hangen nesa masu ƙafa uku, duk bakinsu na kallon gidan Marianti. Gidan kuwa ƙofa ɗaya gare shi.

Mutanen gari kuma, in sun ga baƙi na kallon wuri, su ma sai sun kalla. Mai burodi ya fito da gari a hannu, matarsa a bayansa. Tsofaffin shagon gahawa suka jawo kujeru. Fadan cocinmu ma ya tsaya, wai wucewa yake yi.

Na sauko da sandata. Madam Femke ta jawo ni ta ɗora idona a madubinta. Na ga tsuntsun, ba laifi. Na ɗan sunkuyar da abin ƙasa, na ga labule na motsi, da idon Marianti guda ɗaya, ya yi fari fat.

Sai ga Lefteris, ya nufo ni.

"Uwargida Mirsini, me ake kallo a gidan ƙanina?"

"Tsuntsu, Lefteris. Kai ma leƙa, ko zuciyarka ta yi sanyi."

Bai leƙa ba. Kwandon kifin da ke bakin ƙofa yake kallo, kyanwowi sun kewaye shi.

"Wancan ba kwandon Ignatis ba ne?"

"Kwanduna duk kamarsu ɗaya."

"Jirginsa na ɗaure a gaɓa, rana ta fito. Yaushe Ignatis ya fara hutu?"

Ya nufi ƙofar. Madam Femke ta sha gabansa, ta buɗe hannuwa kamar mai tare shanu. Yarenmu nata guntu-guntu ne, amma ya isa.

"A'a. Ba tafiya. Ba magana. Tsuntsu."

"Gidanmu ne, baiwar Allah!"

"Shhh!"

Baƙin nan gaba ɗaya suka juyo suka yi masa shhh. Lefteris, wanda Fada kansa ba ya katse shi, ya koma da baya yana huci. Na ce a raina, in Ignatis na da hankali ya zauna daram, tsuntsu zai gaji ya tashi, kowa ya watse, ni kuma in san yadda zan yi da Lefteris.

Ignatis ba shi da hankali. Ya yi tunanin ya haura ta tsakar gida, ya bi ta kan rufi, ya dira gonar zaitun da ke baya. Duk garin nan wa zai kalli rufi? A ranar da mutane suka zo daga ƙasashe don kallon rufin nan kaɗai!

Hularsa ce ta fara ɓullowa. Sai kansa. Sai shi gaba ɗaya, yana rarrafe, takalmansa a rataye a wuya. Tsuntsu ya yi fir ya tafi. Baƙi suka yi wani nishi kamar an yi musu mutuwa. Mutanen gari kuwa suka zuba masa ido. Na ga matar mai burodi ta buɗe baki tana jan numfashi, na san in na bar ta ta fitar da shi, Marianti ta gama yawo a garin nan.

Na buga sandata a ƙasa.

"Ignatis! To, me ta ce?"

Ya kalle ni daga sama kamar kifin da aka jefo kan tudu.

"Wace ce ta ce me?" in ji Lefteris.

"Ni na aike shi. Aure nawa na ƙulla a garin nan, har da naka? Na ce ya je ya ji ta bakinta, in ta amsa, da yamma in zo maka da kwalbar giyar uzo mu yi magana kamar manya."

"Neman aure ta kan rufi?"

"Ta ina zai fito? Kai da kake wan miji ma an bar ka ka taka ƙofar?"

Wani tsoho ya ƙyalƙyale da dariya. Lefteris bai yi ba.

"Takalman fa?"

"Kada ya firgita tsuntsun baƙi. Mutum mai tarbiyya ke nan."

Lefteris ya ɗaga kai. "Kai, Ignatis. Da bakinka nake son ji. Abin da tsohuwar nan ta faɗa haka ne?"

Nan ne kaɗai gabana ya ɗan faɗi, don Ignatis bai iya ƙarya ba. Ya riƙe bututun hayaƙi da hannu biyu.

"Ni dai... ban kai ga tambayar ba tukuna."

"To tambaya mana, ɗan banza!" na ce. "Ga Fada, ga dangi, ga shaidu har daga Holan. Sai yaushe?"

Ya leƙa ƙasa ta bakin rufin, fuskarsa ja wur.

"Marianti... in ba damuwa..."

Taga ta buɗe da ƙarfi. Marianti ta fito da kai, ba ta kalli kowa ba sai sama.

"Sauko kafin ka fasa mini rufi. Tun yaushe nake dafa maka gahawa, kana tsammanin don kifinka ne? Na amsa."

Matar mai burodi ta saki numfashin nan nata, amma da "Allah ya ba da zaman lafiya!" ya fito, don ba ta da zaɓi. Tsofaffi suka hau tafi. Fada ya ɗaga hannu ya sa albarka tun daga inda yake. Baƙin kuwa tuni sun naɗe madubansu sun bi gonar zaitun da gudu, ba wanda ya san an yi baiko a gabansa.

Saura matsala ɗaya. Ignatis ya iya hawa, bai iya sauka ba. Kowa ya juya yana kallon Lefteris, don shi ke da dogon tsani a unguwar. Ya tsaya yana murza gashin baki har na fara ƙosawa. Can ya juya ya tafi. Ya dawo da tsanin a kafaɗa, ya jingina da bango, ya dafe shi da hannunsa.

"Sauko a hankali, kada ka mayar mana da ita gwauruwa tun kafin a ɗaura," ya ce. "Lahadi bayan coci ka zo gidana. Ta ƙofa."