Akwatin Ɗumamen Zaratu

Ranar da akwatin ɗumamen Zaratu ya mutu, duk layinsu a Gomari sai da aka sani. Maikirowef ake ce masa a bakin 'yan boko. Yayanta Harun ne ya aiko mata shi daga Jidda a 1994, lokacin da ko matan manyan ma'aikata ba kowace ke da shi ba. Ta jona shi za ta ɗumama wa miji miyar kuka, ya yi ƙara, ya yi tartsatsi, shi ke nan ya yi shiru.

Zaratu kuwa ba a yi mata abu a ce tsautsayi ne, sai ta nemo mai laifi. Ba ta sha wahalar nema ba. Maƙwabciyarta Agnes, aminiyarta tun suna amare, ta ari akwatin lokacin Kirsimeti. Ta dawo da shi a goge tas. To me ya sa ta goge shi haka, in ba wani abu take ɓoyewa ba? Tun daga nan Zaratu ta daina aika mata abinci ta katanga, ta koma habaici. Tana shanya tana cewa, "Aron abin da ba ka iya ba, ai ganganci ne." Agnes tana ji, ba ta tanka ba. Shirun nan ma Zaratu ta ƙara shi cikin hujjojinta.

Mijinta Mukhtari, dillalin shanu, ya ce a bar maganar. "Abin da Nepa ba ta barin mu mora, me za a gyara? Ga risho, ga gawayi."

"Ni ba ɗumame nake nema ba," in ji ta. "So nake mai gyara ya faɗa min da bakinsa abin da aka yi masa, in je in same ta."

Ta naɗe akwatin a zani, ta ɗauki tasi zuwa Wulari, shagon wani mai gyaran rediyo da talabijin, Dzarma. Tana jin sunan ta gane mutanen su Agnes ne, can kudancin Borno. Ta ce a ranta, lallai an riga ni zuwa. Saboda haka ta ƙi barin kayan, ta ja benci ta zauna, ta kafa masa ido kamar mai gadin kaza a bakin shanya.

"A gabana za ka kwance shi, Malam."

"To Hajiya, ai ba komai."

Ya cire murfin baya, ya leƙa, ya ja da baya yana murza hanci. Ya ce abin da ke ba da zafin ya ƙone, sai an aiko da shi daga Legas, kuma kuɗinsa da na aiki sun kusa sayen tunkiya. "In ƙanwata ce ke, zan ce ki haƙura da shi."

Zaratu ta yi murmushin na gano ka. Wato ta haƙura, ya saye a banza, ya gyara ya sayar.

"Ba wannan na tambaye ka ba. Me ya kashe shi?"

Ya lakato wani baƙin danƙo daga cikin ramukan iska ya miƙo mata a kan sukudireba. Ta sunsuna. Turaren wuta ne, mai sandal da sukari, haɗin da ta sani tun tana goye. Duk cikin injin ya daskare da shi.

Ta koma gida. Mahaifiyarta, Iya Kellu, wadda ta taso daga Umarari tana jinyar ido a wajenta, tana zaune a tabarma tana jan carbi.

"Iya, kin taɓa akwatin nan?"

"Kabbasan naki? Kullum in kin tafi kasuwa." Kabbasa shi ne kejin da ake kifawa a kan kasko a turara tufafi. Tsohuwar ta ci gaba hankalinta kwance. "In sa ɗan kasko da garwashi, in ɗora ɗankwali a gefe, in rufe ƙofa. Hayaƙi ko kaɗan ba ya fita. In na gama in goge miki shi. Larabawa sun iya abu, 'yar nan."

 Wa Zaratu za ta yi wa faɗa? Kunya ta rufe ta, irin wadda ke sa mutum ya ji zufa a tafin ƙafa. Ta zuba dambun nama a kwano mai murfi, ta yafa mayafi, ta zaga ta ƙofa, ba ta katanga ba.

Agnes tana tsakar gida tana wanki. Ta miƙe, ta goge hannu a zani, ta karɓi kwanon da hannu biyu har da ɗan rusunawa.

"An gode, Hajiya. Allah ya saka."

Tun da suka san juna ba ta taɓa kiranta Hajiya ba. Ta juye naman, ta wanke kwanon nan take, ta miƙo mata abinta. Ba ta ce ta zauna ba.