Hannun Hagu na Kandasami

Shekara talatin da ɗaya Kandasami yana zaune a tsakiyar masaƙa, matarsa Andal tana gefe. A garinsu Kanchipuram, saƙar sari na ainihi, wato dogon zanen siliki na mata, sai mutum biyu: ɗaya yana taka itace yana jefa ƙoshiyar jikin zanen, ɗayan yana sarƙe zaren baki da na jiki, layi bayan layi, har launi biyu su kama juna ba ɗinki.

Sai hawan jini ya shanye wa Kandasami hannun dama.

Palani, mai ba su siliki, ya zo da safe ya tsaya a bakin ƙofa, ko takalmi bai cire ba.

"Yaya Andal, ba wulaƙanci ba ne. Zan kwashe zaren in kai wani gida. Saƙar nan hannu huɗu take so."

"Uku gare mu," in ji ta. "Ba mu kwana ashirin."

Da ya tafi, ta tattare zaninta ta zauna a gurbin mijin. Kandasami ya zaro ido.

"Ke! Wurina ne fa."

"Matsa can, tsoho. Hagunka ai ba ta mutu ba."

"Ni ne zan koma ɗan riƙon baki?"

"Ni da na riƙe shekara talatin da ɗaya, ƙaho ya fito mini?"

Kwana uku ƙoshiyar bakin zanen tana kuɓuce masa. Ya zagi zaren, ya zagi hannun, ya ce shayinta ma ya lalace. Ita kuwa cinyoyinta suka yi tsami da taka itacen. A rana ta biyar ta lura ya daina magana, ƙarar masaƙar ta daidaita kamar da.

Ranar ashirin Palani ya dawo. Ya buɗe sarin, kore shar da jan baki. Ya yi abin da kowane dillali yake yi a garin: ya damƙi jikin zanen da hannu ɗaya, bakinsa da ɗaya, ya ja da iya ƙarfinsa. Ya sake ja har jijiyar wuyansa ta tashi. Ko zare ɗaya bai buɗe ba.

"Wa ya sarƙe wannan gefen?"

Kandasami ya ɗaga hagunsa sama. "Ƙara ja, yaro, ko ba ka karya ba ne?"

Palani ya cire takalmi ya shigo ya zauna a tabarma.

"Yaya, wane launi zan kawo gobe?"

"Shuɗi," in ji Andal. Ba ta tashi daga tsakiyar masaƙar ba.